Yadda birin Sichuan ya gaje min kilishi

Wata uku ina lallaɓa kilishin da Hajiya ta cusa min a jaka ranar da zan taho karatu Chengdu, babban birnin lardin Sichuan a ƙasar Sin. Sai kewar gida ta ciyo ni nake gutsirar ɗan yanki. Da aka ba da hutu, abokina ɗan Maraɗi ya ce mu je dutsen Emei mu buɗe ido, na ɗauko ragowar a leda da niyyar in ƙarasa shi a can sama.

Dutsen ba na wasa ba ne, tsayinsa mita 3,099, wuraren ibadar mabiya Buda birjik a jikinsa, tun 1996 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Mota ta sauke mu a Leidongping, sanyi ya ce salamu alaikum. Dole na yi hayar wata ƙatuwar rigar sanyi, na koma kamar buhun gero mai ƙafa.

Wata tsohuwa mai sayar da sandunan gora ta nuna ledata, ta yi ta zuba Sinanci tana girgiza kai. Na ɗauka talla take. Na ce mata na gode, na wuce abina.

Ko taku ɗari ban yi ba sai ga shi zaune a tsakiyar matakala, jibgegen biri, fuska a murtuke kamar mai karɓar haraji. Bai ko kalle ni ba, ledar yake kallo. Abokina ya ce, “Malam, buɗe masa tafin hannunka ya ga ba komai!” To ai akwai komai. Na ɗaga murya na ce “Kai!” irin yadda muke korar awaki. Ashe ba ya jin Hausa. Tsalle ɗaya ya fizge ledar, ya haye kan dakali ya kwance ta a tsanake.

Na tsaya ina jiran yaji ya rama min. Ina! Na manta a Sichuan nake, lardin da barkono ne abincinsu. Ya cinye tas, ya lashe takardar, ya miƙo hannu wai ƙari.

Haka na isa gaban wani gunkin mabiya Buda mai tsayin mita 48 da ke ƙololuwar dutsen, gajimare shimfiɗe a ƙarƙashinmu, kowa na ɗaukar hoto, ni kuwa cikina na kiran ciroma.

Da dare Hajiya ta kira.

“Auta, kilishin nan da saura?”

“Ya ƙare yau, Hajiya. Wani ɗan gari na sammawa.”

“Madalla, Allah ya yi maka albarka. Ya ji daɗinsa dai?”

“Har takardar ya lashe.”