Rezar ƙarfe ce ta dace da gemunmu

A nan Ingila akwai shagunan da ke sayar da rezar ƙarfe, irin wadda ake kwance mariƙinta a ɗora reza mai kaifi gefe biyu, cikin akwati mai sheƙi kamar kayan lefe, da tsadarta. Ita ce dai wadda iyayenmu ke ajiyewa a bakin taga a Katsina, muka raina ta, muka koma ta roba wai ita ce zamani. Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ya yi wa irinta rajista a Amurka tun 1904, ta roba da ake yarwa gaba ɗaya kuwa sai 1975 kamfanin BIC ya fito da tasa.

Ni ta ƙarfe na zaɓa, saboda fata. Gashin gemunmu murɗaɗɗe ne. Ta roba mai reza biyu ko uku a jere, ta gaba tana jan gashin, ta baya ta yanke shi ƙasa da fata. Idan ya zo tsirowa sai ya lanƙwashe ya koma ciki, ƙuraje su feso a wuya, su bar baƙin tabo. Bature mai miƙaƙƙen gashi bai cika shan wannan wahala ba, shi ya sa talla ba ta faɗa. Ta ƙarfe kaifi ɗaya ne ke taɓa fata, daidai saman fata take yankewa, kamar yadda askar wanzami ke yi.

Sai batun ruwa. Ta roba gashi ke toshe ta, ba ta buɗuwa, sai an sakar mata famfo. A Manchester wannan ba komai ba ne, amma a unguwar da ake jiran 'yan ga-ruwa fa? Ta ƙarfe ka kwance ta, ka ɗauraye a kofi ɗaya, shi ke nan. Rezar Tiger kuma daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa a Katsina da wuya ka rasa ta wurin mai tireda, don haka ba ka da dalilin yin aski da dakusasshiya, balle aron ta wani a wannan zamani na ciwon hanta.

Ta ƙarfe tana son hannu dai. Ba a danna ta, nauyinta ya isa, kuma a bi yadda gashi ya kwanta. Ba a shiga jirgi da tsirarar reza a jakar hannu, nan kam ta roba ta yi rana. Tsofaffin rezoji kuma a tara su a gwangwanin madara mai murfi, kada yara su tsince su a bola.