Ina mabuɗin kwalba ya shige?

Wai don Allah me ya sa mabuɗin kwalbar lemo ba ya kwana inda aka ajiye shi? A sauke kiret a gidan biki, sai cigiya, ƙarshe wani ya kafa haƙori, wani ya doka a bakin tebur ya ɓantare katakon. Murfin nan fa ƙarfe ne, tun 1892 William Painter ya ƙirƙiro shi a Amurka. Ba don haƙorin ɗan Adam aka yi shi ba.

In ma an samo mabuɗin, ga tsatsa ga danƙon lemo, don an bar shi ya kwana cikin ruwan wanke-wanke. Sai zamewa yake, yana lanƙwasa murfin. A wanke, a goge ya bushe, a ɗaure shi jikin firji mana!