Ranar da Gwaggo ta liƙa mini dala biyar don in daina kiɗa

Tunda bidiyon kiɗan da na yi a bikin ƙanwarmu ya riga ya zaga gari, har wani tsohon ɗalibina da ke Agadas ya turo mini shi yana tambayar ko lafiya, gara ku ji zancen daga bakina.

Kun dai san a hutun da ya wuce an tara mu malaman lakwal kwana biyar ana koya mana yadda za mu koyar da yara waƙa da kiɗa. Na dawo da kaye cike da rubutu, kai kuma ya kumbura. Sati biyu ban bar kowa ya sha shayi lafiya a fadarmu ba. Na ba su labarin Halilu ɗan Ahmadu na Basara, wanda a ƙarni na 8 ya tsara ilimin aruli, ma'aunin da malamanmu ke ɗora waƙoƙinsu na wa'azi a kai har yau, ana ma cewa bugun gudumar maƙera a kasuwa ne ya fara jawo hankalinsa. Na nuna musu metironom a salulata, abin nan mai ƙas-ƙas-ƙas da wani Bajamushe mai suna Maelzel ya yi wa rajista a 1815, na saita shi a bugu 120 cikin minti ɗaya, na ce ga takun soja a faretin 18 ga Disamba. Na ce musu a 2009 masu bincike a Hangari sun gwada jarirai ƴan kwana biyu zuwa uku suna barci, in aka tsallake babban bugu a cikin kiɗa sai ƙwaƙwalwarsu ta nuna ta lura. Na ƙara da wani tsuntsu dangin aku a Amurka, Snowball, da masana suka tabbatar yana gyaɗa kai daidai da kiɗa, in an ƙara sauri ya ƙara. Abin da na fi taƙama da shi kuwa shi ne uku a kan biyu: hannun dama ya buga uku, na hagu ya buga biyu, duka cikin lokaci guda. Na ce Turawa sai sun yi watanni suna fama da shi, mu kuwa a jininmu yake. Na zana musu shi a ƙasa da tsinke. Ku lura, zana shi na yi. Ba wanda ya ce in buga.

Duk wannan taubashina yana zaune yana fifita gawayi, bai ce uffan ba. Da na san halin mutumin nan, shirun nasa kaɗai ya isa in kama bakina.

Sai bikin ƙanwarmu ya zo. Dangin ango mahauta ne, saboda haka ba zancen wani kiɗa sai kalangu, suka ɗauko Baba da yaransa, aka kafa rumfa a ƙofar gida can Zango. Bayan la'asar fili ya cika, sai aka nemi yaron da ke riƙe kuntuku aka rasa. Wai ya bi ɗan kabu-kabu karɓo canji. Baba na waige-waige, kawai na ji muryar taubashina a lasifika, ya ƙwace makirfo daga hannun maroƙi: "Baba, kwantar da hankalinka! Ga bawana Mushe nan, malamin lakwal, gwamnati ce da kanta ta koya masa kiɗa. Har na jarirai da na aku ya sani."

Aka ɗauki tafi. Da ina da hankali da na ce hannuna na ciwo. Amma surukai na kallo, ga sabuwar shadda a jikina, ga kuma wani shaiɗani a kunnena yana cewa ai kuntuku ba komai ba ne, ƙaramar ganga ce da ƴan sanduna biyu, aikinta kawai ta riƙe bugu ɗaya kada ya motsa, manyan kalangai su yi ta shawagi a kansa. Yaro ɗan shekara goma ke yi. Na tashi.

Baba ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa riƙewa?" Na ce, "Baba, na san ƙa'idarsa." Ya ce, "To, madalla." Ya buga mini abin da zan yi sau biyu a kan cinyarsa. Na ce masa wannan ai shi ne uku a kan biyu. Ya ce shi dai bai san sunansa ba.

Aka tashi kiɗa. Wallahi zagayen farko na shiga daidai, duk wanda ya ce ba haka ba ya koma ya kalli bidiyon daga farko. Matsalar ita ce na fara ƙirga. A can wurin horon da Faransanci muke ƙirgawa, don haka ina bugu ina cewa an, de, turwa, an, de, turwa. Ban san maroƙi ya dawo ya tsaya kusa da ni da makirfo a buɗe ba. Unguwa guda ta ji Mushe yana lissafi a lasifika. Wani yaro daga bayan rumfa ya amsa, "Katur!"

Nan hannun hagu ya ɓalle. Dama na kan uku, hagu ya ce shi ma uku yake so. Na tsawata masa ya koma biyu, sai dama ta biyo shi. Ina cikin sasanta su Baba ya ƙara wuta, don rawa ta yi zafi, kuma kiɗan biki ba ya zama a 120 kamar salulata, hawa yake yi yana sauka da ƙafafun masu rawa. Wannan ba a rubuta mana shi a kaye ba. Na ga an bar ni a baya, na zabura in kamo su, na wuce su. Na ja birki in jira su, suka wuce ni. Wata ƙanwar uwar ango, mace mai jiki, ta ɗaga ƙafa za ta sauke a inda bugu ya kamata ya faɗo, bugun bai zo ba, ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama tana harara ta kamar na ci mata bashi. Ƴanmatan da ke tafi suka rabu gida biyu, rabi na bin Baba, rabi na bi na don tausayi, har su ma suka rikice suka hau dariya. Gumi ya jiƙa shaddar nan tun daga wuya har ƙugu. Sanda ɗaya ta kuɓuce ta faɗa cikin kwanon liƙi. Na ci gaba da ɗaya.

Baba dattijo ne, sai da ya gwada ya bi ni. Na ga ya rage, ya ƙara, ya karkata kai yana saurare kamar mai gyaran rediyo. Da ya ga abin ba shi da kai ba shi da gindi, sai ya matse kalangun a hammata, ya ja tsarkiya, ya juyo gare ni ya sake kiɗa. Kun san yadda kalangu yake, matsa tsarkiya murya ta hau, saki ta sauka, ga Hausa kuma harshe ne mai hawa da sauka, don haka mai kunne yana jin magana sarai a ciki. Fili ya ɗauki sowa. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa na ce a raina, ashe ba a banza ba, Baba ya yi mini take! Na ɗaga sandar da ta rage sama, na ɗan rausaya, har na juya na gai da surukai. Sai da jama'a suka fara amsawa da baki na ji abin da kalangun ke faɗi tun ɗazu.

"Mushe, koma ga alli. Mushe, koma ga alli."

Na yi rawa a kan wannan. Kusan minti ɗaya. Akwai shi a bidiyo.

Ana haka Gwaggo ta keto fili. Ita Gwaggo ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba, amma lokacin ƙuruciyarta su uku suke lugude a turmi ɗaya, ta cilla taɓarya sama ta tafa sau biyu ta cafe, ba a taɓa jin taɓaryarta ta yi karo da ta wata ba. Ta kwance bakin zane, ta zaro dala biyar ta ƙarfe, ta manna mini a goshi. Gumi ya riƙe ta gam. Ta ce, ba tare da makirfo ba amma kowa ya ji, "Ɗan nan, wannan ba na kiɗa ba ne. Na ajiyewa ne. Ajiye, Allah ya yi maka albarka."

Na ajiye.

Yanzu bari in dawo kan taubashina, don ni Baba ban riƙe shi da komai ba, sana'arsa ya kare. Amma wannan mutumin, wanda ko tafin mawlidi bai iya ba, wanda a bikinsa sai da aka riƙe masa hannu ya taka sau uku, shi ne ya tsaya a kan benci yana ɗauka. Kuma ya yanke farkon, inda na shiga daidai, kafin ya watsa a WhatsApp. Cikakken yana wurin ƙanen ango, ku nema. Mutumin da tun bikin Zinder Sabuwa na 2018 yake riƙe da jikka biyu nawa, kullum sai ya ce wai bawa ba ya bin ubangidansa bashi. Washegari na same shi a fada, na ce masa ilimi ya san da irin wannan, a 2011 masana a Kanada sun ba da rahoton wani saurayi lafiyayye, kunnensa garau, amma jikinsa ba ya iya kama bugun kiɗa, abu ne na ƙwaƙwalwa. Ya kurɓi shayi ya ce, "To bawana, jariri ɗan kwana biyu ya iya, aku ya iya. Kai da wannan na Kanada ku biyu ke nan a duniya. Ka nemi lambarsa ku riƙa gaisawa." Kuma shayin da yake kurɓa ni na sayi sukarin.

Ranar Litinin na shiga aji, na juya ina rubuta kwanan wata a allo, sai na ji an fara daga bencin baya, a hankali, da tafin hannu a kan tebur. Kafin in waiwayo aji duka ya ɗauka. Layin taga na buga uku, layin ƙofa na buga biyu, ba wanda ya kuskure ko sau ɗaya, yara sittin da wani abu, abin da na yi niyyar soma koya musu a wata mai zuwa. Ba su furta kalma ba, amma na ji abin da teburan ke faɗi. Na ce kowa ya fito da kayensa na lissafi.

Yaron kuntukun kuwa ashe ba canji ya bi ba, tuwon biki ya samu a bayan gida. Dala biyar ɗin tana aljihun shaddar, shaddar kuma tana wurin mai wanki, ya ce gumin ya bar shaida a baya, sai ya sake wankewa.