Ba kowace shawara ce ta jiƙo ba

Makon jiya wata mota mai lasifika ta tsaya a Ƙofar Ƙaura, mai maganin yana rantse-rantse cewa kwalba ɗaya ta jiƙonsa tana wanke kowace irin shawara, "har wadda asibiti ya jawo". Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya mini a rai, domin na san wanda irin wannan magana ta cinye wa lokaci.

Wani maƙwabcinmu ne, ya yi hatsari a hanyar Kano, ya kwashe kusan wata guda a ɗakin kulawa ta musamman, injin numfashi na riƙe da shi. Da aka sallamo shi aka yanka rago, 'yan barka suka cika zaure. Ba a jima ba idonsa ya koma ruwan ɗorawa, fitsari kamar baƙin shayi, ga ƙaiƙayin da ya sa yake kwana yana susa da murfin kwalba. Gwaggonsa ta ce shawara ce, a jiƙa rawaya. Aka yi wata biyu ana ɗura masa.

Abin da ke cinsa ba ya jin rawaya. Hanta tana da 'yan siraran magudanai da ke fitar da ruwan maɗaciya zuwa hanji. Naman hantar yana shan jini ta hanya biyu, su kuwa magudanan jijiya ɗaya tak ke ciyar da su. Idan jinin majinyaci ya faɗi warwas, aka yi ta ba shi magungunan ɗaga shi masu matse ƙananan jijiyoyi, magudanan nan sai su yi yunwar jini. Fatar cikinsu ta mutu ta saɓule, ta cakuɗe da ruwan maɗaciyar, ta daskare ta toshe hanya kamar leda a kwata. Daga nan sai tabo, sai ƙuntata, kuma cikin watanni hantar tana iya ƙeƙashewa. Likitoci a Jamus ne suka fara bayyana wannan ciwo a farkon shekarun 2000, korona kuma ta ƙara fito da shi daga 2020, a jikin waɗanda suka daɗe a kan injin numfashi.

Masu cewa "allurai ne suka yi masa yawa" su tuna, ba don alluran nan ba da tuni an kai shi maƙabartar Ɗanmarna. Masu cewa ciwon bai da yawa kuma, su je su faɗa wa matarsa.

Amma ba gwaggo kaɗai nake tuhuma ba. Mu nan, da zarar an ce "an sallame shi" mun rufe littafi, har da wasu ma'aikatan lafiya. A miƙa wa mutum leda cike da magani, a ce Allah ya ƙara sauƙi, shi ke nan. Alhali gwajin jini na hanta, musamman ALP da GGT, yakan nuna ɓarnar tun ido bai sauya launi ba. Me zai hana a rubuta wa duk wanda ya daɗe a ɗakin kulawa ta musamman ranar dawowa gwaji, a kuma gaya wa danginsa da Hausa ƙarara cewa in suka ga ido ya canza, asibiti za su nufa? In an kama da wuri, ana iya zura na'ura ta baki a share magudanan, a magance zazzaɓin da toshewar ke kawowa, a jinkirta ɓarnar. In an makara, maganar dashen hanta ce, a Indiya ko Masar, da kuɗin da ko an sayar da gida da gona ba lalle su kai ba.

Maƙwabcin namu yanzu takardun Masar ɗin ake haɗa masa. Motar nan kuwa jiya ma na ji ta a Ƙofar Marusa.