Matsalar ba ta masu magani ba ce, ta leda ce

A nan Jamus, ganyen magani a kemis ake sayensa, cikin kwalin da haske ba ya ratsawa, da sunan tsiron da ranar da zai daina aiki. Wasu 'yan uwanmu da sun ga haka sai su hau raina masu maganin gargajiya na gida. Ni kam ban bi su ba.

Wanda ya san rumfunan masu magani a kasuwar birnin Zariya ko ta Sabon Gari ya san tsofaffin nan ba da ka suke aiki ba. Ganyen sabara a inuwa suke shanya shi, kan tabarma, ana juyawa har ya bushe bai koɗe ba. Sassaƙen marke da maɗaci da hano kuwa, da yake suna da kauri, sai a tsattsaga a ba su rana, a ɗaure a rataye saboda gara da laima. Saiwar sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna, Baba zai karya ya miƙo maka: "Sansana, ɗana. In ƙamshin ya tafi, kar ka ba ni kuɗinka."

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne garin magani. An daka, an tankaɗe, an ƙulla a farar leda, an baza a faifai ko a kan mota mai lasifika, rana na dukansa tun hantsi. Ledar ta yi gumi daga ciki. A watan Agusta, da damina ta kankama, nan da nan fumfuna ta kama, kuma akwai irin da ke fitar da gubar afalatoksin mai lahanta hanta, wadda tafasawa ba ta kawar da ita. Ga shi gari ba ya faɗin asalinsa: na bara ne, na bana ne, an haɗa da dusa ne, oho.

Daga Turawa abu biyu kawai nake so mu ɗauka: mazubi mai duhu, da rubuta watan da aka ɗebo. Jami'ar Ahmadu Bello na nan Samaru tun 1962, tana da masu nazarin tsirran magani. Me zai hana su shiga rumfunan nan su zauna da masu sana'ar?

Kafin nan dai, in za a saya wa Hajiyarmu, cewa nake a karɓo sassaƙen yadda yake, a daka a gida.