Tocilar Kawu da kunamar majalisa

Tun da Kawu ya ba ni tsohuwar tocilarsa ta ƙarfe, mai cin manyan batir uku, na hana 'yan majalisarmu ta Mabera sakat. Kullum sai na yi musu karatu: tocila tun 1899 take, wani Bature ɗan Ingila, David Misell, ya yi mata rajista a Amurka, kuma masu cajin nan na roba da ake tallarsu a Tsohuwar Kasuwa ba sa shekara. A nan dai ban yi ƙarya ba. Yawancinsu ƙaramin batir mai ruwan asid ne a ciki, ƙarfin wutarsa bolt 4, in ka bar shi ya tsiyaye ƙarƙaf sau biyu uku, ga zafin Sakkwato na watan Afirilu, ya daina riƙe caji ke nan.

Na kuwa gyara ta da kyau. Batir ɗin Kawu sun yi kashi a ciki, farin gari ya cinye sifirin ɗin gindi. Irin wannan batir mai gawayi a tsakiya ruwansa tsami gare shi, don haka ruwan kanwa na sa a tsumma na goge, na shanya, na bi sifirin da harshen makunni da samfefa har suka yi ƙyalli. Ƙwan ne ya mutu, na samo wani a wajen mai gyaran rediyo. Na gwada da wasu tsofaffin batir na rediyo, ta kawo jan haske kamar aci-bal-bal. Da yamma na sayi sabbi uku na zuba, ban sake kunnawa ba.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta. Muna kan tabarma ana shayi sai wani ya ce ga kunama. Kowa ya ɗage ƙafa. Liman ya ce, "Malam, ina tocilar ga da kaka cika muna baki da ita? Hasko muna."

Na miƙe a hankali, har da gyara hula. Na tura makunni. Wallahi wani farin haske ya fito wanda ban taɓa ganin irinsa a tocilar ƙwai ba, har bangon makwabta. Na buɗe baki na ce, "To kun ga..." Sai fit. Duhu.

Ashe ƙwan na bolt 2.5 ne, na tocila mai batir biyu. Mai uku 3.8 take so, kuma rubutun na nan a jikin gindin ƙwan, ƙanana, ban duba ba. Tsofaffin batir ɗin da na yi gwaji da su sun riga sun yi sanyi shi ya sa ya jure. Sabbi uku kuwa 1.5 sau uku ne, 4.5, zaren cikin ƙwan ya narke nan take.

Duk wannan lissafin da safe na yi shi. A lokacin abin da kowa ke yi na yi, na buga ta a tafin hannu. Na sake bugawa. A na uku murfin gindi ya fita, don ban murɗa shi ya kai ƙarshe ba, sifirin ya yi tsalle, batir uku suka zubo suna gangara a duhu. Ɗaya ya je ya taɓa diddigen Alhaji babba. Dattijon da sai an kama shi yake tashi daga tabarma, ya yi sama yana salati yana "ta halbe ni", ya sauka a kan butar shayi. Ni ina tsaye riƙe da bututun ƙarfe, babu komai a ciki, ina ta tura makunni sama da ƙasa.

Sai ɗan mai shayi, yaron da bai wuce aji uku ba, ya kunna fitilar wayar ubansa. Ɗigon LED ɗaya kamar ƙwayar gero, babu zaren da zai ƙone, ya haske tabarmar duka. Aka ga kunamar a gefe tana tafiyarta, aka sa mata takalmi.

Wanda ya fi ƙona mini rai wani mai facin taya ne. Tun azumi ina bin sa dubu biyu, in ya hango ni sai ya duƙa kan taya. Amma daren nan shi ne a gaba, ya kwanta yana dariya yana dukan ƙasa, yana cewa "wagga tocila walƙiya ta". Mutumin da tasa mai cajin da kyauron roba ya ɗaure ta, sai ya matse ta da haƙori take kamawa. Yanzu ko a masallaci muka haɗu sai ya kwaikwayi muryata, "to kun ga".

Ƙwai mai 3.8 har yau ban samu ba, mai rediyo ya ce in dawo sati mai zuwa. Batir biyu na tsinta da safe. Na ukun kuwa, rediyon mai faci da ta yi wata ba ta magana na ji ta jiya tana labarai.