Kafin a yanka ƙyallen baje koli, a fara leƙa sito

A watan Oktoban 2019 Jami'ar Pan-Atlantic da ke Ibeju-Lekki a Legas ta buɗe gidan adana kayan fasaha na Yemisi Shyllon. Mutumin da aka sa wa gidan sunansa ya ba da kayan zane da sassaƙa guda 1,000, ya kuma haɗa da kuɗin gini da na kula da wurin. Wannan kuɗin kulawar shi ne abin da ya kamata jami'o'inmu na Arewa su tsaya a kai, domin tarihi kam ba a fi mu ba. A Zariya ne Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane a 1958, a kwalejin da ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Har gobe kuma sassan koyar da zane suna tara aikin ɗalibai 'yan shekarar ƙarshe. Tambayar ita ce ina ake jibge su.

Ni a ganina, ba a gane gidan kayan fasaha ranar bikin buɗe baje koli, a sito ake gane shi. Yanayinmu ba ya raga wa zane. Da hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ya haura 80. Ƙyallen da aka yi zane a kai yana saki yana ɗamewa, katakon firam yana kumbura yana motsewa, shi kuwa busasshen fentin mai ba ya iya bin su, sai ya tsattsage ya fara ɓarewa. Abin da ake so danshi ya zauna tsakanin 45 da 55. Idan ya daɗe sama da 65, fumfuna ta samu gida.

Nan ne ake yawan kuskure: a kafa kwandishan a ce an gama. Kwandishan ɗin da ke aiki da rana ya mutu da dare saboda an ɗauke wuta ya fi rashinsa ɓarna, don hawa da saukar danshin ne ke kashe zane. Gara ɗaki na can ciki mai kaurin bango, marar taga, nesa da banɗaki da bututun ruwa, a rataye ma'aunin danshi ana rubuta abin da ya nuna safe da yamma. A ɗaga kanta aƙalla santimita 15 daga ƙasa saboda ruwa da gara. A jera zanuka a tsaye, fuska da fuska, baya da baya, da kwali a tsakani. Wanda aka jingina fuskarsa a bayan wani, ƙusa ko wayar ratayen ce za ta huda shi. Sassaƙa ko saƙa da ta shigo da ƙwaro kuma, a ƙulle ta a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda. Amma ban da zanen fentin mai, sanyin fasa shi yake yi.

Sai rajista, wadda ba ta cin ko sisi amma ita aka fi sakaci da ita. Kowane abu ya samu lambarsa: shekarar shigowa, rukuni, sannan jeri, kamar 2024.3.7. A rubuta sunan mai aikin, girman aikin, da me aka yi shi, wa ya bayar, kyauta ce ko aro, a ɗauki hoton gaba da baya. Zanen da wani babba ya ara don ƙawata ofis ba tare da takarda ba, ranar da ya yi ritaya ya zama kayan gidansa.

Shi ratayen kansa ba wuya. Tsakiyar zane ya tsaya kusan santimita 150 daga ƙasa, daidai ido. Aikin takarda, fentin ruwa da saƙa ba sa son haske ya wuce laks 50 (laks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), kuma bayan wata uku a sauke su su huta. Fentin mai yana jure 200. Launin da rana ta kashe ba ya dawowa.

Zaman tattaunawa da mai zane fa, don Allah a daina kai shi babban ɗakin taro inda jawabin manyan baƙi zai cinye awa guda. A yi shi a gaban aikin, mutum 30 ko 40, a zaɓi zane uku kacal, ya faɗi abin da ya haɗa fentin da shi, inda ya goge ya sake, sauran lokacin na masu tambaya ne. A naɗi muryar a ajiye ta da lambar zanen a rajista, don mai gyaran da zai zo bayan shekara 40 ya san abin da yake taɓawa. Bayanin da ke jikin bango kuma a yi shi da Hausa da Turanci. Marini daga Ƙofar Mata ko mai ɗinkin babbar riga daga birnin Zariya yana da abin faɗi game da launi da tsari wanda ba ya cikin littafin ɗalibi, kuma ba zai buɗe baki a wurin da ba a yi masa magana da harshensa ba.